Takardar da Na Karanta wa Mu'azu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai ƙanena Mu'azu makwancinsa, a maƙabartar ƙauyenmu da ke kudu da Abu Hujar. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yanka akuya, a dafa, a raba, malamai su yi addu'a, mutane su ce kai, wane ya san zumunci. Bana ban yanka komai ba. Fili na roƙa a jarida, domin abin da ke wuyana ba nama ke sauke shi ba.

Ni ba marubuci ba ne. Aji shida na yi, na sa ƙafa ɗaya a na bakwai, mahaifinmu ya rasu, aka cire ni aka miƙa mini lauje. Wanda ya ga kuskure a rubutuna ya yi haƙuri, ko kuma ya bari, duk ɗaya ne a wurina. Amma wannan ɗan karatun da nake renawa, a gidanmu shi ne karatu duka. Takardar hukuma, ta asibiti, wasiƙar dangi daga Wad Madani, duk hannuna suke biyowa. Abin da na ce takarda ta ce, shi ta ce. Mu'azu ko allo bai zauna ya gama ba.

Shi gurmi ya sani. Da hannunsa ya haɗa shi, da ƙwarya da fatar guza, tsirkiyarsa kuwa zaren kamun kifi ne. Ba maroƙi ba ne, bai taɓa tsayawa ƙofar wani attajiri yana kirari ba. Waƙoƙinsa na kogi ne, da lorin da ya maƙale a laka kwana uku, da kakanninmu da suka baro Sakkwato za su Makka, ƙafa ta gaji, suka sauke kaya a bakin Nilu suka ce gobe a tashi, goben ba ta zo ba har yau. Yakan fara baiti da Hausa ya ƙare shi da Larabci, tsofaffi su yi dariya a farko, samari su yi a ƙarshe. Dattawa suna cewa jikan muhajirai bai kamata ya riƙe gurmi ba. Su ɗin ne kuma in yana kiɗa a bayan kasuwa sai ka ga sun rage sauri, wai takalmi ne ya kwance.

Wata damina, shekara tara kafin rasuwarsa, wasu mutane suka zo daga Damazin da na'urar ɗaukar murya. Tare da su akwai Turawa biyu masu wani abin kiɗa mai fuskar fata kamar gurmi, amma babba, da ƙarafa a jikinsa. Suka ce a ƙasarsu kiɗan mutanen ƙauye ne, manoma da masu zama a duwatsu, kuma sun ji asalinsa daga wajenmu ya tafi. Suka zauna da Mu'azu a gindin tsamiya tun hantsi har azahar. Ba ya jin nasu, ba sa jin nasa, amma in ya ja tsirkiya sai su amsa. Da za su tafi, tafintan ya ce za a zaɓi matasa kaɗan, a kai su wani gida a bakin kogi kusa da Khartum, wata guda cur. Mota, abinci, makwanci, duk an ɗauke musu. Babu noma, babu talla, aikinsu kawai su zauna da gwanaye su tsara waƙa. Za a aiko da takarda.

Takardar ta zo lokacin da riɗi ya fara ja. Direban hafla, motar hayar ƙauyenmu, shi ne ya kawo ta daga shagon da ake ajiye mana saƙo a Abu Hujar. Duk wanda ya noma riɗi a ƙasar nan ya san ba ya jiran kowa. In ganye ya yi rawaya kwanaki ƙalilan gare ka ka yanke, ka ɗaure, ka jingina damman a tsaye. Ka yi jinkiri kwanson ya buɗe baki, wahalar shekara ta zube wa tururuwa. Mu biyu ne maza a gidan. Wannan ita ce hujjar da na riƙe shekara ashirin da ɗaya, kuma hujja ce mai kyau, duk manomi zai gyaɗa mata kai. Sai dai ƙarya ce. Ma'aikatan yanka suna nan cike da kasuwa, da na ɗauki biyu an gama.

Gaskiyar ita ce da na buɗe takardar na ga sunansa an buga da inji, an ce an zaɓe shi, ga ranar tafiya, ga hatimi, sai na tuna da kaina. Ni da malaminmu ya bi har gida yana roƙon a bar ni in ci gaba, babu wanda ya aiko mini da takarda. Babu wanda ya ce zo ka zauna wata guda mu ciyar da kai don abin da ke cikin kanka. Sai wannan da ya gudu daga allo, mai ƙwarya da fatar guza.

Muna ƙarƙashin rumfa, rana tsaka. Innarmu tana tankaɗe. Mu'azu ya durƙusa a gabana, hannunsa duk ƙasa, yana goge shi a riga kamar shi zai karɓa ya karanta.

"Yaya, mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ce sun gode."

"Sai mi?"

Da na tsaya nan, ko da na ce an ɗaga abin sai baɗi, da laifina ya zo da sauƙi. Amma bakina ya ci gaba. Na kafa ido a takardar, ina bin layi da yatsa kamar mai karatu, na ce, "Sun ce sun saurara. Waƙarka ta ƙauye ce, ba ta kai ba."

Sai ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi in ya faɗi a gaban jama'a. "To ai dama. Ina gurmin guza ina Khartum?"

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Halas, Allah bai nufa ba. Tashi ka ci tuwo."

Ya tashi ya ci. Washegari shi ya riga ni shiga gona. Takardar na cusa ta a murhu. Bayan wata biyu na gamu da tafintan nan a kasuwar Damazin, ya tambaye ni me ya hana yaron zuwa, an jira shi kwana uku. Na ce shi ya ƙi, ya ce ba ya so. Mutumin ya girgiza kai ya ce asara. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa ramin na shiga na miƙe ƙafa, babu wanda ya biyo ni.

Ba ni na kashe Mu'azu ba, kada wani ya ƙara mini abin da ban yi ba. Zazzaɓin nan mai kumbura saifa ne ya ɗauke shi, kuma na yi jinyarsa har ƙarshe, ni na ɗauke shi a kafaɗa zuwa mota. Abin da na kashe daban ne. Bai fasa gurmin ba, bai yi rantsuwa ba. In an matsa masa a biki yakan kaɗa tsofaffin waƙoƙinsa. Amma sabuwa ta daina zuwa. Mutumin da a da ko jaki ya yi tuntuɓe sai ya yi masa baiti, ya koma in an ce Mu'azu ba sabon abu, sai ya ce, "Waɗanda sunka san waƙa sun ji, sun ce ba ta kai ba." Yana faɗa yana murmushi, sau da yawa ina zaune a wurin. Hausawa na cewa hassada ga mai rabo taki ce. Wanda ya yi wannan karin magana bai ga hassadar cikin gida ba, wadda ke cin tuwo da kai a akushi ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu babu mai durƙusawa a gaban wani don a karanta masa takarda. Kowane yaro da waya a aljihu, ya ɗauki muryarsa da safe, kafin la'asar an ji ta a Jidda. Ina jin zai yi murna da wannan. Abin da zai ɓata masa rai shi ne rabin baitinsa ya mutu: yaranmu in ka yi musu zance da Hausa sai su amsa da Larabci, wurin da tsofaffi ke dariya a waƙarsa su shiru suke yi. Yaƙin nan kuma da ya kore mu muka yi watanni a Rusairis, a ɗakin wani ɗan uwa, mutum goma sha wani abu, ban san ko zai iya yi masa waƙa ba. Wataƙila zai iya. Shi ne mutumin da ya sa muka yi dariyar lorin da ya ci mana amfanin gona.

Ranar da muka gudu, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Ɗansa Bashir, wanda yake goye lokacin da takardar ta zo, yanzu kuwa ya fi ni tsawo, gurmin ya ɗauka ya bar katifarsa. Hannun ubansa gare shi. Ni na riƙe shi tun rasuwar, kuma ban taɓa hana shi kiɗa ba. Ina ganin kamar da haka nake biya.

Watan jiya muna shan jabana, gahawarmu ta nan, da safe, ya miƙo mini wayarsa. Wata ƙungiya ce a wata ƙasa maƙwabciya take neman matasa masu kiɗan tsirkiya daga Sudan, za ta ɗauki nauyinsu mako uku su zauna su tsara waƙa. Sai a aika da waƙa ɗaya. Na ce to, ka aika mana.

Ya karɓi wayar ya mayar aljihu. "Ammi, nuna maka kawai na yi. Abuya da kansa an ce bai kai ba. Ni wa?"

Ammi yake ce mini, ba Baffa ba, ubansa kuma Abuya, haka yaran yanzu suke. Na ce wa ya gaya maka haka?

"Kowa ya sani. Shi ma ya gaya mini. Ya ce in yi kiɗana a gida, kada in kai inda za a yi mini dariya."

Nan na gane abin da na cusa a murhu bai ƙone ba. Ƙaryar ta binne mutum ɗaya, ta tsallake kabari, ga ta zaune a kan tabarmata tana shirin cin na biyu, kuma da bakin Mu'azu take magana. Na ajiye finjalin. Na gaya masa duka, da hatimin, da ranar tafiya, da kwana ukun da aka jira ubansa. Ban sa riɗi a ciki ba.

Bai yi ihu ba. Da ya yi da na fi so. Ya dube ni ya ce, "Hajja ta sani?" Kakarsa yake nufi, Innarmu. Na ce ta rasu ba ta sani ba. Ya ce, "Shi fa?" Na ce shi ma. Ya tashi ya shige ɗaki. Kwana tara bai zauna inda nake ba. Yakan gaishe ni, domin an yi masa tarbiyya, amma gaisuwar da ake yi wa baƙo a tasha.

Na ce Mu'azu ya daina tsara waƙa. Ban faɗi daidai ba, akwai guda ɗaya, kuma ita na fi ƙin ji. A jinyarsa ya yi ta, yana kwance, murya ta dushe. Waƙar godiya ce ga yayansa. Yana cewa wa ya bar karatu don in ci, wa ya zame mini ido a gaban takarda, kowa da bangonsa ni nawa yana tafiya da ƙafa biyu. Da sunana a ciki, sau uku. Bashir ya haddace ta tun yana ɗan shekara goma.

A rana ta goma ya zo ya tsaya a bakin rumfa, bai zauna ba. Ya ce ya aika. Na ce madalla, wace waƙa? Ya faɗa. Ita ce.

Na ce, "Ka dai cire sunana."

Ya ce, "Ban cire ba."

"Bayan abin da ka ji?"

"Waƙar ba taka ba ce, Ammi. Tasa ce. An riga an gyara masa magana sau ɗaya. Ni ba zan ƙara ba."

Har yau amsa ba ta zo ba. Wataƙila su ɗauke shi, wataƙila su ƙi. In sun ƙi, wannan karon ƙin nasu ne, da idonsa zai karanta, kuma na gaya masa ya sake aikawa baɗi ko da zan sayar da jakina.

To me ya rage na Mu'azu? Ba gida ya bari ba, ba gona ba. Waƙoƙi ne da ba su kai ashirin ba, wasu mata na rerawa wurin sussuka ba su ma san mai su ba. Da hannu ɗaya da ya gada. Da kuma waƙoƙin shekara tara da ba a yi ba, waɗanda ni kaɗai zan amsa tambayarsu gobe kiyama. Shi ya tafi da zuciya fara, yana ganin yana da yaya. Ban san ko wannan rahama ce a gare shi ko kuwa sata ta biyu ce na yi masa ba.

Allah ya jiƙanka, Mu'azu. Sun zaɓe ka. Waƙarka ta kai. A wani gari da ban taɓa zuwa ba, wasu mutane da ban sani ba za su zauna su ji ɗanka yana yabona da bakinka, su ce wannan yaya mutumin kirki ne. Shi ya sa na rubuta wannan, don a nan gida aƙalla a san wanda ake yabo.