Hular Saƙo da Allurar Baba

Shekarar da allurar korona ta iso Zariya ina karatun digiri na biyu a Samaru, a kan sinadaran da ke cikin ƙwayar halitta. Mama ce ta kira ni. Ta ce Baba ya ƙi allurar, wai a harabar coci an gaya masa tana sauya abin da mutum ya gada a jini.

Ranar Asabar na hau Keke Napep zuwa Sabon Gari. Baba tsohon hedimasta ne, ba a lallashinsa. Ya gyara tabarau ya ce, "To, malama, koya mini."

Na ce, "Baba, abin da muka gada yana kulle a tsakiyar kowace ƙwayar halitta ta jikinmu, ba ya fita. Kwafinsa ake aikawa, shi ake kira RNA. Kuma ba a sakinsa ɗanye. Sai an yanke wasu sassa an haɗa sauran, an sa masa hula a ka, an ɗaura masa wutsiya. Yadda aka yanka shi ke nuna abin da ƙwaya za ta ƙera. Wutsiyar kuma na da hannu a tsawon kwanansa."

"Hular fa?"

"Ita masu gadin jiki ke dubawa. Wanda ya zo babu hula, baƙo ne, sai a tayar masa. Allurar ma RNA ne a cikinta, an sa masa hula, ya isar da saƙo, cikin 'yan kwanaki ya narke. Ba ya shiga tsakiyar."

Ya ce, "Idan mutum ya iya ɗinka hular nan, cutar ba ta iya ba?"

Na so in kauce, don na san amsar ba za ta taimake ni ba. Amma na ce, "Ta iya, Baba. Wannan ma tana ɗinka tata."

Ya ce, "Ashe dai." Na koma Samaru ina jin na ɓata aikin da aka aike ni.

Bayan mako biyu Mama ta ga katin allura a aljihun kaftaninsa da za ta wanke. Shi kaɗai ya je, bai gaya wa kowa ba. Da ta tambaye shi ya ce, "Yarinyar ba ta ɓoye mini inda abin ya fi ƙarfin masu allurar ba."

Yanzu ni ke koyar da darasin. Idan ɗalibi ya yi tambayar da ba ta yi mini daɗi ba, nakan ajiye alli in amsa masa.