Lazarus da Kawu Jarka

Lazarus taubashina ne, uwata da ubanshi ciki ɗaya, don haka duk abin da na faɗa a kanshi ba ya da inda zai kai ƙara. Kakanmu ya taso daga Zuru lokacin ginin dam na Bakolori, aiki ya ƙare bai koma ba, mu kuma anka haife mu nan Mafara. Lazarus ya zo duniya da kunnuwa kamar faifai, ya zauna firamare har malamai sunka tsufa, daga nan ya kama kabu-kabu.

A shekarun baya, in ka ga budurwa bayan mashin ɗinshi, yi mata addu'a kawai. Kwalta sumul, ba rami ba akuya, sai ya danne birki don yarinya ta faɗo bayanshi. Har 'yan tasha sunka laƙaba mishi Na-Birki. Ran Lahadi yana zuwa coci kam, amma benci guda ya sani, wanda ake hangen 'yan matan mawaƙa daga kai.

Sai anka yi wani taron farkaswa, Fasto Nagode ya hau wa'azi. Ya ce zuciyar mutum ba tayar mashin ba ce da za a yi ta yi wa faci, sai dai a sake haihuwar mutum ɗungum. Ya ce jikin ɗiyar wani ba wurin wasa ba ne, naka ma Yesu ya riga ya fanshe shi. Ban ankara ba sai ga taubashina a gaba, gwiwa ƙasa. Hawayen da ya zubar ran nan, da an tara, sun isa noman shinkafar rani. Da za a yi mishi baftisma na roƙi Fasto ya ɗan daɗe da shi cikin ruwan, don dauɗar ta kwana biyu.

To, bayan wannan ne ya ga Tabita, mai ɗinki a Mafara, ɗiyar Baba Jatau malamin gona da ke zaune Bakura. Baba Jatau ya san labarin birki sarai. Da magabata sunka je tambaya, ya bari sai da anka gama doguwar gaisuwa, sannan ya ce:

"Na ji an ce ya tuba, na gode wa Allah. A yi sanarwa a coci yadda anka saba. Amma in mutum guda ya miƙe ya ce ya ga wani abu tsakaninsu, wallahi an fasa."

Ga shi kuwa duk Asabar Lazarus ke kai Tabita gida Bakura, ran Lahadi ya ɗauko ta zuwa sujada. Sai ya samo wata tsohuwar jarka ruwan ɗorawa, ya ɗaure ta da roba tsakiyar sirdi. Shi gaba, jarka tsakiya, Tabita can ƙarshen kariyar ɗora kaya kamar buhun da anka manta. Ni na raɗa mata suna Kawu, tunda ita ke rakiya. Sunan ya bi gari. 'Yan tasha, Musulmi da Kirista, sai ka ji, "Na-Birki, ina kwanan Kawu? Ya karya kumallo?"

Na tare shi wata rana na ce, "Kai bawana, wanga duk tsoron Baba Jatau ne?"

Ya ce, "Ba shi ba ne."

"To tsoron Tabita? Ta ce za ta cije ka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ƙafar nan tawa ta saba da birki. Na san ta. Ina son ranar da zan tsaya gaban Ubangiji da yarinyar nan, ba abin da zan sadda kai a kanshi."



Lahadin sanarwa ta ƙarshe Baba Jatau ya zo da kanshi, ya zauna gaba ya harɗe hannu. Fasto ya ce in akwai mai dalilin da zai hana auren nan, ya faɗa yanzu. Sai benci ya yi ƙara, Mama Larai shugabar Zumuntar Mata ta miƙe. Matar nan tana saro dankali a hanyar Bakura, kuma idonta na ganin allura daga nan har Maradun. Lazarus ya jiƙe sharkaf.

Ta ce, "Fasto, ina da magana. Na gan su a hanya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Baba Jatau ya soma laluben hularshi.

"Yarinyar nan rabin jikinta a iska yake tafiya saboda wata jarka! Jiya kusa da Birnin Tudu saura kaɗan ta faɗa gonar mutane. Ni dai roƙona, a ɗaura auren nan da wuri, tun ba mu kai amarya wurin mai ɗori ba."

Dariya ta kusa ɗage kwanon coci. Baba Jatau ya juya ya dubi ɗiyarshi. "Tabita, gaskiya ne?"

Ta rufe fuska da gyale ta ce, "Baba, har kanta na yi a gwiwa."

Tsohon ya aje hular. Ya ce, "Fasto, sa rana."

Ran biki da farar riga anka shigo da Tabita, Zumuntar Mata na guɗa har kazar maƙwabta ta bar ƙwai. Kawu ma an wanke ta tas an cika da zoɓo, ni na sha kusan rabi. Da anka tashi, an kawo mota, amarya ta ce ita mashin za ta hau. Ta tattare riga ta zauna, ba kowa tsakani. Lazarus ya ja a hankali, yana lallaɓawa kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane ɗan tsakuwa. Ina biye da su na ji ta ce:

"Maigida, wai birkin nan naka ya lalace ne?"