Kwanon Maƙwabciyata da Karenta

Ni tun ina yarinya ba na shiri da kare. In ya lashi ƙwaryata sai na fasa ta, in ya goga mini zane sai wanki. Amma ga shi yau, cikin abubuwan da suka faru da ni a Garuwa, wanda na fi tunawa shi ne ranar da na ɗauki kare a ka na ratsa gari da shi tsakar rana.

Lokacin shugaban ƙasarmu na farko ne, ɗan garin, zamanin da motocin auduga ke cika hanya, da damina kuma jiragen ruwa su hauro kogi daga Najeriya. Maigidana mahauci ne. Kullum bayan sallar asuba yana mahauta, hantsi ya yi masa a kan teburinsa a kasuwa. Katanga ɗaya muka haɗa da wata Kirista, 'yar duwatsun bayan garin Gidar. Ta girme ni sosai, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Ƙanwata, da Hausarta ta kasuwa mai haɗe da Fillanci. Sana'arta dafa burkutu, wadda a can muke kira bilbil. Mijinta mai gadi ne a wani kamfanin auduga, ya rasu shekarar da muka tare. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse, aka bar ta daga ita sai kare.

Karen nan ba wani abin kallo ba ne. Ja ne, ɗan ƙarami, kunne ɗaya a karye. Marigayin ne ya sauko da shi daga dutse yana ɗan kwikwiyo. Tana yi masa magana da yarensu kamar mutum, in ta zauna tankaɗe yana kwance a kan ƙafarta. Ta taɓa ce mini duk garin nan shi kaɗai ke jin yarenta ba tare da ta maimaita ba.

To, al'adar unguwa ce, in ka yi girki mai kyau ka zuba wa maƙwabci. Kwano kuma ba ya komawa da abincinsa, wannan zagi ne. Sai dai ka wanke, ka sa 'yar gyaɗa ko kuka a ciki, ka mayar. Yaya ba ta fashi. Duk Lahadi in ta dawo daga coci sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofa, ga kwanon sha mai murfi shuɗi. Tun ranar farko ta yi mini bayani: naman daga teburin maigidana ta saya, tukunyar sabuwa ce, ko kusa da ta bilbil ba ta ajiye ta. Na ce, "Kai, Yaya, har da wahala haka? Allah ya saka."

Ban taɓa ci ba. Ko ɗanɗane. Zuciyata ce ta ƙi, ina ganin hannun da ya dama giya shi ya dama miyar. Zubarwa kuwa ba zan iya ba, an hore mu abinci ba a wulaƙanta shi. Sai na samo dabara. A gindin katangarmu akwai rariya, ramin da ruwan sama ke bi ya wuce bayan ɗakinta. Nan nake juye abincin a wani tsohon kasko in tura. Kafin in miƙe karen ya zuro kai. In wanke kwano, in sa gyaɗa, in mayar ina cewa, "Yaya, miyar nan taki sai ke!" Shekara uku cur ina wannan ƙarya, kuma wallahi a lokacin ina ganin kaina mai wayo.

Ranar da abin ya faru, bikin baftismar jikarta ake yi, wato wankan da suke yi wa jariri a coci. Danginta sun sauko daga dutse tun jajibiri, gida ya cika, ana ta kiɗa da waƙa. Da hantsi sai ga wata tsohuwa da ban sani ba, gwaggon marigayin, ta miƙo mini kwanon mai murfi shuɗi. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Fillanci, murmushi kawai muka yi wa juna.

Ina buɗe murfi warin ya doke ni. Naman akuya ne a cikin romo mai kauri, ga albasa, amma tsamin bilbil ya rufe komai. Daga baya na ji yadda aka yi: tsofaffinsu suna son a kwara ƙwaryar bilbil a kan romo bayan an sauke tukunya, tsohuwar kuma ta ga kwano a ajiye, aka ce na maƙwabta ne, ta ɗebo daga tukunyar da ta fi daraja a wurinta. Amma ni a lokacin raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce lallai matar nan, ashe yau za ta nuna mini halinta! Na je rariya a fusace na juye duka. Na ma tsaya na yi tunani kaɗan, na ce anya? Sai na ce ai kare ne, me zai same shi, wanda ke cin ƙazantar bola. Ya lashe kaskon tas.

Ban gama wanke-wanke ba na ji kiɗa ya tsaya. Sai hayaniyar maza, sai muryar Yaya tana ihu. Na taka turmi na leƙa ta kan katanga. Karen na tsakar gida yana tangaɗi, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa, yawu na dalala daga bakinsa, ya faɗi ya tashi ya sake faɗi. Mata sun kwashe yara sun shige ɗaki. Maza uku sun ɗauko sanduna, wani ya ɗauko taɓarya. Ba na jin yarensu, amma wani ya faɗa da Hausa, "Ya haukace! A kashe shi kafin ya ciji yaro!" Yaya ta durƙusa tsakaninsu da shi ta buɗe hannuwa, tana cewa bai ci komai ba, tun safe ta kore shi bayan ɗaki don kada ya dami baƙi.

Ni kaɗai na san abin da ke cikinsa. In na yi shiru za su kashe shi, ba wanda zai taɓa sani, in na yi magana kuma asirin shekara uku ya tonu a gaban danginta duka. Ba zan yi wa kaina ado ba, sai da na sauko daga turmin na tsaya ina jinkiri. Na ji mai Hausar nan ya ce a janye Yaya. Ban san lokacin da na fita ko mayafi babu ba.

Na faɗa gidan ina cewa, "Kada wanda ya taɓa shi! Ba hauka ba ne, maye ne! Ni na ba shi!"

Mazan suka sauke sanduna. Yaya ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Kwanon da aka kawo mini, akwai bilbil a ciki. Na juye masa ta rariya." Wani saurayi ya fashe da dariya, wai kare ya riga su buguwa. Na ce masa, "Rufe mini baki, sakarai, ba ka ga mutuwa yake yi ba?" Don lokacin ya daina motsi, numfashinsa sama-sama. Yaya ta taɓa shi ta ce jikinsa ya yi sanyi.

A kusa da mahauta akwai likitan dabbobi, mutumin kudu, wanda ke duba nama yana buga masa hatimi kafin a kai kasuwa. Maigidana ya sha yi masa tsiya a gida, wai ya cika ƙa'ida. Shi ya faɗo mini. Amma wa zai ɗauka? Mazan har yanzu tsoro suke ji, Yaya kuwa gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, da ƙyar take kai kanta coci. Na koma gida da gudu na ɗauko daron wankina da tsohon zane, na yafa mayafi. Na yi bisimilla na sa hannu biyu na ɗaga shi. Karo na farko ke nan da na taɓa kare da gangan. Ban zaci haka yake da rashin nauyi ba.

Haka muka fita, ni da daro a ka, wutsiya na reto ta gefe, Yaya na bina a baya tana ɗingishi. Masu shago suna leƙowa. Wata da muke zuwa biki tare ta ce, "Matar mahauci, me nake gani haka?" Na ce, "Abin da idonki ya nuna miki." Ban tsaya ba.

Tsautsayi, maigidana ya dawo mahauta ɗaukar fata, yana tsaye da abokan sana'arsa da dillalan shanu. Ya ga daro, ya ga wutsiya, ya ga matarsa. Ya ce, "Ke! Lafiyarki kuwa?" Na ce, "Maigida, faɗa sai mun je gida. Yanzu dai kira mini dokta." Ya dube ni, ya dubi Yaya da hawaye ya wanke wa fuska. Allah ya ji ƙansa, nan take ya ajiye fatar ya shiga ofishin, ya fito da mutumin.

Likitan Faransanci yake yi da ɗan guntun Fillanci, maigidana ke fassara. Ya tambayi abin da ya ci, da yawansa, da lokacin. Na faɗa masa komai. Ya buɗe bakin karen ya sansana, ya girgiza kai. Ya ce jikin kare ba ya ɗaukar giya yadda na mutum ke ɗauka, abin da babba zai sha ya yi waƙa shi zai kashe ɗan kare irin wannan. Yaya ta ce ai ta zaci wuta tana cinye giya. Ya ce ba duka ba, ko an dafa akwai saura, balle in bayan an sauke aka zuba ta. Albasar ma, in ji shi, ba abincin kare ba ce. Ya yi masa ƙarin ruwa da allura, ya kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, ya ce a lulluɓe shi, kada a ɗura masa komai. Ya ce in ya ɗaga kai kafin yamma, to ya tsira. In bai ɗaga ba, shi ma ba shi da sauran dabara.

Muka zauna a inuwar dalbejiya a bayan ofis, daro a tsakaninmu. Kunya ta hana ni kallonta. Can na ce, "Yaya, ba yau na fara ba."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Kin san me?"

Ta ce, "Ƙanwata, ni na dafa miyar. Duk Lahadi sai ya zo ya kwanta a ƙafata da warinta a baki. Kin zaci ban san daddawata ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce to don me ba ta daina ba, shekara uku tana asarar nama? Ta shafa kunnen nan karyayye na karen. Ta ce in ta daina, me zai kawo ta ƙofata, me zai kai ni tata? Ta ce kwanon yana zuwa yana dawowa, muna gaisawa, ta ce wata rana zan ci. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma gyaɗarki tana da daɗi."

Nan na fashe da kuka, ni da ko a gidan mutuwa ba a cika ganin hawayena ba. Ita ce ma ta koma lallashina, tana ba ni haƙuri a kan kwanon yau, wai da ta gani da ba zai fita daga gidanta ba. Na ce don Allah ta yi shiru, tana ƙara mini ciwo.

Ana kiran la'asar sai zanen ya motsa. Ya yi amai, ya yi atishawa, ya ɗago kai da ƙyar yana dube-dube kamar wanda aka tasa daga barci. Yaya ta kira sunansa, wani suna na yarensu da harshena bai taɓa iya juyawa ba. Wutsiyar ta bugi daron sau biyu. Likitan ya leƙo ya ce a kai shi gida, ruwa kaɗan-kaɗan, gobe ɗan kunu mara komai. Ni na sake ɗauko shi. A gida maigidana bai yi faɗan ba. Abin da ya ce kawai, in sayi sabon daro.

Kwana biyu ya warware. Ni kuwa na samu dutse na toshe rariyar, sai da damina nake buɗewa. Daga ranar kuma maigidana yakan dawo da ɗan ƙashi a ganye, ya ce, "Miƙa wa mashayin nan naku."

Lahadin da ta biyo na ji ƙwanƙwasa. Yaya ce da kanta, da kwano mai murfi shuɗi. Ta miƙo za ta juya, na riƙe hannunta na ce ta shigo. Na shimfiɗa tabarma, na wanke hannu, na buɗe a gabanta. Miyar yakuwa ce da gyaɗa, da naman maigidana, da tuwon jar dawa. Karen ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kwanon, don a saninsa nasa ne. Na yi bisimilla na kai loma.

Jama'a, ban taɓa cin miya irin wannan ba, kafin nan da bayan nan. Na dubi karen na ce, "Kai, ɗan banza, ashe abin da kake ci ke nan shekara uku ba ka faɗa mini ba?" Yaya ta yi dariya har tana riƙe ciki. Na cinye tas, na suɗe kwanon da yatsa, ban bar masa ko ƙashi ba.