Sikelin Kawu Labbo

Ranar Alhamis ce, kasuwar Shinkafi ta cika, ina kan keken ɗinki ina rage wa Kawu Labbo rigarsa, sai waya ta yi ƙara. Inna Tumba ce, matarsa, daga Ƙaura. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Mani, kawunka ya cika. Yanzu-yanzu, bayan azahar."

Na yi innalillahi. Sannan ta ce, "Kunun na nan rufe. Cewa ya yi lokaci bai yi ba, sai ƙarfe huɗu."

Ban yi kuka ba a lokacin. Haushi ne ya taso mini, kuma har yau bai sauka ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko zan samu in yi dariyar da Kawu ya cancanta, don mutum ne da ba a tuna shi da fuska a murtuke.

Ku da kuka san shi, kun san sikelin. Kawu ya yi aikin awon kaya a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura tun yana saurayi, kuma da ya bar aiki bai bar awo ba. Ya samo tsohon sikeli irin na buhuna, mai faranti a ƙasa, ya kafa shi a zaure, da wani ƙarami na rataye don ƙananan kaya. Duk gardamar da ta tashi a gidan nan, ƙarshenta kalma biyu ce: "Mu auna."

Tuwonsa ma sai ya hau sikeli. Inna Tumba za ta ajiye kwano, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya girgiza kai.

"Tumba, yau kin ƙara."

"Wallahi ban ƙara ba, Malam."

"Kada ki rantse. Mu auna."

In ya fi na jiya, sai ya yanke abin da ya hau, ya mayar mata. In bai kai ba, ba ya cewa komai. Inna ta ce shekara arba'in da wani abu suna tare, bai taɓa yin ƙarar ragi ba, sai ta ƙari.

Ranar sunan 'yata ta fari, liman na zaune, wanzami na jira, goro na cikin faranti, Kawu ya ce ba za a raɗa suna ba sai an fito da jaririya. Mata suka yi ta "Haba Malam, ɗanyen jego!" Ya ce shi bai ga yadda za a sa wa abu suna ba a san nauyinsa ba, ko a tasha ba a yi. Aka naɗo ta cikin zane aka auna. Sai kuma ya ce a kwance zanen a auna shi daban, don a cire. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

Ni kaina na hau farantin nan kwana biyu kafin aurena. Wata ɗaya bayan biki ya sake ɗora ni, ya ga na ragu da kilo biyu. Washegari ya shiga mota, a lokacin hanya lafiya lau take, ya tafi Zurmi gidan surukaina ya kai ƙara: an ba su yaro cikakke, ga shi yana zubewa. Surukata, Allah ya saka mata, ba ta yi gardama ba. Ta ce tuwon da ta koya wa 'yarta shi za ta tuƙa masa, ya kwana biyu ya gani. Ya kwana uku. Da ya dawo Ƙaura ya hau sikeli, ya sauka, ya aika a kira ni.

"Ɗan Hassi," haka yake kirana, da sunan mahaifiyata, ƙanwarsa, "na janye ƙara. Gidan ga sun iya tuwo. Laifin naka ne, kai ka san abin da kake yi da abincin."

Wannan shi ne mutumin da ciwo ya kama bara. Ya fara da ciwon ciki da rashin cin abinci, aka yi ta jiƙe-jiƙe, daga baya muka kai shi asibiti a Gusau. Suka yi hoto, suka ɗebi abin da za su ɗeba, suka ce ciwon daji ne a hanji. Likitar, wata matashiya mai haƙuri, ta ce da sauran dama in an hanzarta. Ta rubuta takarda a kai shi Sakkwato a yi masa aiki. Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai yi shawara. Tsoron wuƙa yake ji, amma ba zai taɓa faɗa ba.

A cikin kwanakin shawarar nan ne wani saƙon murya ya shigo wayata, a guruf ɗin da muka buɗe na 'yan ajinmu na firamare. Wani mutum ne mai taushin murya, ya ce shi likita ne, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsa ba. Ya ce ciwon daji abin da ka ci shi yake ci. In ka daina cin abinci awa goma sha shida ko ashirin kullum, sai yunwa ta kashe shi, ba wuƙa, ba allura. Ya ce likitoci sun sani, ɓoyewa suke yi. Ban ma saurare shi har ƙarshe ba, ƙafata na kan keke. Na tura wa Kawu, na rubuta a ƙasa, "Kawu ka ji wannan." Na ji daɗi a raina, wai na taimaka, ba tare da na bi hanyar Ƙaura ba.

Mutumin da ya shekara arba'in yana yanke tuwo, a ce masa ragin ci magani ne! Kamar an ba shi sarauta. Ya kira Inna ya ce, "Kin ji ko? Tun yaushe nike gaya muku ci shi ne ciwo? Ga likita ya zo kan maganata." Daga ranar ya sa doka: ba abin da zai shiga bakinsa sai ruwa, sai ƙarfe huɗu na yamma. Daga huɗu zuwa magariba zai ci ɗan abin da ya auna, shi ke nan sai gobe. Da ya ga bai mutu ba, ya ƙara tsanani, har yakan yi yini biyu bai ci ba.

Inna ta yi magana har ta gaji. Ya ce mata ba ta san dabarun yaƙi ba.

"Ciwon ga ɓarawo ne, ya shigo gari ya ɓoye. Ba a bin shi da bindiga. Hanyar abinci ake toshe mai, ya fito da kanshi."

Inna ta ajiye muciya. "Malam, lokacin da anka rufe kasuwanni don a hana ɓarayi abinci, wa ya rame? Mu ko su?"

Kawu ya tashi ya tafi masallaci, alhali ba a ko kira salla ba.

Da labari ya iske ni, na zo na lallaɓa shi muka koma Gusau. Likitar ta saurari saƙon daga farko har ƙarshe, abin da ni ban yi ba. Ta ce, "Baba, ba zan ce maka ba a bincike a kan wannan ba, ana yi. Amma yawancin gwajin a jikin ɓeraye aka yi shi. Mutanen da aka gwada a kansu kuma suna karɓar maganinsu na asibiti, ana duba su kullum, kuma har yanzu ba a gama sanin amfanin ba. Babu wanda ya ce a bar aiki a zauna da yunwa. Kai yanzu ƙarfi jikinka yake nema."

Kawu ya gyara zama. "Ɗiyata, ɓerayen sun ji sauƙi?"

"Wasu ƙarin jikinsu ya ragu, amma Baba..."

"To alhamdu lillahi! Ɓeran da ya cinye min gero ya warke, sai ni mai geron?"

Har ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye ta yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Likitar ce kaɗai ba ta yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutanen unguwa. Sun ga dattijo ba ya ci da rana, yana ramewa, sai suka yanke cewa azumin nafila yake yi. Wa zai ce wa tsoho ya karya azumi? Matan maƙwabta da suka saba aiko masa da fura da hantsi suka daina, wai kada su shiga tsakaninsa da lada. Masu zuwa dubiya su zauna a zaure suna cewa, "Kai, Malam Labbo, fuskarka har haske take yi!" Ƙashi ne ya fito, suna ce masa haske. Cikinsu babu wanda ya tambayi ina takardar Sakkwato.

Inna ta roƙi liman ya zo ya yi masa magana. Liman ya zauna, ya bi a hankali, ya ce mai ciwo ko azumin watan Ramadan an ɗauke masa, balle na nafila. Kawu ya jawo buta, ya kurɓi ruwa a gabansa, rana tsaka.

"Ka gani, Malam? Ba azumi nike ba. Wanga ba fanninka ba ne, na likita ne."

"Wane likita?"

"Na cikin waya."

"Wa ya haɗa ka da shi?"

"Allah ya haɗa mu."

Bai taɓa faɗin sunana ba. Ko ga liman, ko ga Inna, ko ga 'ya'yansa da suka yi ta tambaya.

Zuwana na ƙarshe ranar Juma'a ne. Na same shi a zaure, ya cika bango da lambobi da alli, kowace safiya da nata. Ta sama saba'in da ɗaya. Ta ƙasa arba'in da takwas. Ya nuna mini da sanda, yana murna.

"Ɗan Hassi, lissafa. Kilo ashirin da uku na ciwo sun fita. Saura kaɗan."

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Kawu, kai ne kake fita! Ciwon yana nan, kai ne kake ƙarewa! Kai da ka cire nauyin zane daga na jaririya, yau ka kasa raba naka da na ciwo?"

Ya ce, "Mu auna." Ya dafa bango ya hau farantin. Na riƙe masa hannu, ya ce, "Sake ni, kana ɓata awo." Na sake shi. Bai iya tsayuwa har allurar ta tsaya ba. Na tare shi, na zaunar da shi a tabarma, na ji kamar dami na kara na ɗauka.

Na ce, "Kawu, ni na turo maka abin nan."

Ya ce, "Kai ka turo, ni na ɗauka. Bar wannan." Sai ya tuɓe rigar da ke jikinsa, shuɗiyar nan ta zuwa Juma'a, ya miƙo mini. "Rage min ita. Ba ni shiga Sakkwato kamar an rataye buhu ga icce. Ka kawo Litinin mu tafi."

Takardar asibitin tana cikin aljihun, ta yi laushi don ninki.

Litinin ban zo ba. Ina da ɗinkin biki a hannu, mutane na tsaye a kaina, na ce a raina mutumin da ya ja wata huɗu, mako ɗaya ba zai ƙara komai ba. Na buga waya na ce Litinin ta sama. Ya ce, "Tela dai tela ne." Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

Na samu jana'iza da ƙyar. Da muka ɗaga makara, wani a bayana ya ce, "Allahu akbar, ku ji rashin nauyi, alamar mutumin kirki ke nan." Da ba gawa ce a kafaɗata ba, ban san abin da zan yi masa ba. Kawu mutumin kirki ne tun yana kilo saba'in.

Ina jin haushin mai muryar nan, wanda ban san fuskarsa ba, wanda na tabbata yana cin tuwonsa sau uku, kuma saƙonsa na nan yana yawo. Makon jiya ma an sake turo shi guruf ɗinmu, wani ya rubuta a ƙasa, "Ka tura wa masoyanka." Ina jin haushin masu ganin haske. Ina jin haushin Kawu, da ya yarda da sikeli fiye da matarsa. Sauran haushin nawa ne, kuma shi ya fi yawa.

Ranar addu'ar uku, Inna Tumba ta zubo mini tuwo da hannunta, ta cika kwanon har ya yi tozo, ta ce, "Ci, yau ba mai aunawa." Muka yi dariya, muka share hawaye. Sannan ta ce, "Duk na yafe, Mani, har shi da taurin kanshi. Amma wanda ya turo mai maganar nan, ban yafe mai ba." Na sunkuyar da kai na ci tuwon.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa, ya sa ciwon da yunwar su zama kankarar zunubi. Ranar da za a ɗora ayyuka a mizani, Allah ya sa nasa ya yi nauyi. Allah ya ba Inna haƙuri.

Rigar tana nan a shago, na rage gefe ɗaya, ɗayan ban taɓa ba. Kuma har yau ban gaya wa Inna Tumba cewa ni ne ba.