Dattijo Ya Ba Ni Ƙuri'arsa, Na Bar Gininsa Babu Rufi

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru ni malamin firamare ne a Jalingo, ina zaune da matata da 'ya'yanmu uku a ciki da falo, a wani babban gidan haya da ke Turaki B. Mutum ne ni mai baki. In an zauna taro ni ake turawa gaba, in takarda za a rubuta ni ake nema, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa. Ina roƙo a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Mu tara ne magidanta a gidan. Akwai Mumuye biyu, da wani Bajukune ma'aikacin asibiti, da Fulani, da irinmu da iyayenmu suka zo daga Katsina. Rijiya ɗaya muke sha, igiyar shanya ɗaya matanmu ke rigima a kanta. A ɗakin ƙarshe akwai wani dattijo Bafulatani, magini, shi da tsohuwar matarsa. Duk gidan Bappa muke ce masa, yadda Fulani ke kiran ɗan'uwan uba.

Da mai gidan ya rasu, magada suka aiko cewa za su sayar, mu tashi cikin wata uku. A tsakar gida muka kafa ƙungiya, aka naɗa ni sakatare. Muka ɗunguma wurin mai unguwa, ni na yi magana, aka yi ta kai da kawowa har magadan suka yarda su ɗaga mana ƙafa shekara biyu. Wannan nasara ce ta buɗe mana ido. Bajukunen nan ya ce tunda mun iya haɗa baki, me zai hana mu haɗa hannu mu daina haya gaba ɗaya? Muka haɗa ƙarfi muka sayi wata gona a gefen Kachalla Sembe, muka yanka ta gida tara. Dokar da muka kafa mai sauƙi ce: kowa zai nemo kwanonsa da katakonsa, amma buga bulon ƙasa da haƙa da ɗibar ruwa da ɗora gini gayya za a yi, gida bayan gida, duk ranar Asabar, tunda Juma'a tamu ce Lahadi kuma ta masu zuwa coci. Da hannuna na rubuta dokar, da bakina na karanta wa kowa.

Aka nannaɗe takardu tara aka zuba a hula don a san wanda za a fara yi wa. Bappa ya ɗauki na biyu, ni na ɗauki na tara. Matata na da tsohon ciki a lokacin, kuma na san fuskata ta nuna abin da ke raina. Washegari muna dawowa daga masallaci Bappa ya riƙo hannuna, ya danƙa mini takardarsa. Ya ce, "Malam, kai mai ƙananan yara ne, ni kuwa daga ni sai tsohuwa. Shiga gaba. Na san ba za ku bar ni ba." Na yi ta godiya, na rantse masa cewa ranar nasa ginin ni zan fara ɗaukar bulo.

Shi ya ɗora ginin gidana tun daga tushe har sama. Yana tafe da igiyarsa ta awo, ba ya yarda da karkata ko kaɗan. Akwai layin bulo da na jera da kaina ya sa na sauke, yana dariya yana cewa in koma wa allina. Matanmu na gefe suna dafa dambu a babbar tukunya, Mumuyen nan suna waƙar aiki, mu muna amsawa ba tare da mun san ma'anarta ba. Cikin wata biyu na tare, a sabon ɗaki matata ta haihu.

Gida na uku da na huɗu ban yi fashi ba. A na biyar ne na fara koyar da 'ya'yan wani ɗan kasuwa ranar Asabar da safe, na ce zan riƙa zuwa da rana. Daga nan sai na koma aika uzuri, daga baya uzurin ma na daina aikawa. Matata ta yi mini magana sau biyu, na ce mata hannu ya yi yawa a wurin, rashin mutum ɗaya ba zai tsayar da komai ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk wanda aka gama wa nasa ni yake kallo. Daga baya Bajukunen ya gaya mini cewa in aka je kiran mutum, tambayar farko da yake yi ita ce ko sakatare zai zo. Bappa kuwa bai taɓa fashin Asabar ɗaya ba a gidaje takwas.

Layinsa ya zo cikin bazarar shekara ta biyu, hadari ya fara haɗuwa ta bayan duwatsu. Mutum uku kaɗai ke zuwa. Wata ranar Alhamis da la'asar ya zo gidana, ya zauna a tabarma cikin falon da ya gina da hannunsa, ya sha ruwa, ya ɗauki yarinyar da aka haifa ya yi mata wasa. Sai da zai tashi ya ce jibi za su kai gini sama su ɗora katako, yana neman hannu kafin ruwa ya sauka. Bai tuna mini da komai ba. Na ce in Allah ya yarda da ni za a fara. Ranar Asabar ɗin na tafi ɗaurin auren wani abokin aikina, na ce a raina mako mai zuwa ma rana ce.

Ranar Talata ruwa ya sauka da iska mai ƙarfi, ya wuni yana zuba. Bulon ƙasa ne, babu rufi, bango biyu suka kwanta. A cikin watan ne kuma wa'adin magada ya cika. Bappa da tsohuwarsa suka ɗaure kayansu suka koma garin Mutum Biyu wurin 'yarsu. Ni ban je ba. Matata ce ta je taya su ɗaurin kaya, da ta dawo ta ajiye mini abinci, ta ce tsohuwa tana gaishe ni.

Wata huɗu na yi ina fama da kunya kafin na iya shiga mota zuwa wurin Bappa. Na same shi a gindin bishiyar mangwaro, ya rame, gwiwoyinsa sun kumbura. Ya tarbe ni da fara'a, ya yi ta jero mini gaisuwa da Fulatanci, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce in tabbata na shafe bangon gabas da siminti don nan ruwa ke duka. Da na fara ba shi haƙuri sai ya ɗaga hannu, ya ce ya yafe tun tuni, bango kuma ƙasa ce ta koma ƙasa. Sannan ya ce abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ranar Asabar ɗin nan, ya zauna a kan bulo tun hantsi yana kallon hanya, yana ce wa mutum ukun da suka zo su ɗan dakata, Malam na tafe, kuma in ya zo sauran ma za su zo. Har azahar yana faɗa musu haka.

Da na dawo na bi gidajen nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ban ɓoye laifina ba. Ruwa na ɗaukewa muka fita gaba ɗayanmu. Asabar biyar kacal muka yi muka kai gini sama muka rufe. Asabar biyar, Edita. Muna shirin kafa ƙofa aka bugo waya cewa Allah ya yi wa Bappa rasuwa. Tsohuwarsa ta ce ba za ta iya zaman Jalingo ba shi ba. Yanzu 'yan haya ne a gidan, ana aika mata abin da ya samu. Mutumin da ya fitar da gida takwas daga haya bai kwana ko ɗaya a ƙarƙashin rufinsa ba.

Ban saci komai ba, ban zagi kowa ba, shi ya sa na daɗe ina ganin ban yi wani babban laifi ba. Zama kawai na yi a gida ranar da ake jirana. Yanzu na gane cewa irin wannan haɗin kai ba a ranar kafa shi ake gane gaskiyar mutum ba, lokacin da kowa ke cikin tsoron kora. Sai bayan mutum ya samu nasa ya rufe ƙofa. Ina kira ga masu haya da ke haɗa kai a unguwanninmu, musamman waɗanda aka sa a gaba: ku sani ana kallon ƙafarku fiye da yadda ake sauraron bakinku. In an gama maka naka, ka je na wanda ke ƙarshen layi tun yana da ran da zai shiga. Ina roƙon masu karatu su sa Bappa a addu'a, ni kuma Allah ya yafe mini.