Kawu Mai Jan Fenti

Duk unguwar da Kawu ya shiga da babur, kafin ya kashe inji labari ya riga shi. "Ga Mai Ja nan!" Sai ka ga masu shago suna jan teburansu baya, mai wankin mota yana naɗe tiyo, har tsohuwar da ba ta da ko rumfa tana leƙen bangonta. Shi kuwa bawan Allah guntun mutum ne mai sanƙo, da bokitin fenti ɗaure a bayan babur da buroshi a leda. Ƙanin Ummata ne, autansu, kuma tun ina rarrafe yake aiki a hukumar tsara gari.

Kada ka ji "hukuma" ka ɗauka wani babba ne. Manyan suna hawa na sama, a ɗaki mai dogon tebur, inda taswirar gari ta cinye bango guda. Su ke cewa nan hanya za ta bi, faɗinta kaza, nan kasuwa, nan kwata. Ba ka isa ka ɗora bulo a kan bulo ba sai sun ga zanen gininka sun yarda. In ka yi gaban kanka su tsayar da aikin, su ba ka wa'adi, in ya cika su turo katafila. Kawu yana ƙasa, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala mai warin kananzir. In an yanke hukunci a sama, shi ke zuwa ya ja layi biyu a gicciye a bangon da ya ci hanya.

Kuma wallahi yana son aikin nan. Matarsa ta gaji da mita, don ba shi da riga ko ɗaya da ba ta da ɗigon ja, har ta zuwa ɗaurin aure. In ya goyo ni a babur muka bi wani layi, sai ya rage gudu ya nuna min da baki.

"Kin ga nan, 'yar nan? Da ko amalanke ba ta wucewa. Mai naƙuda a hannu ake fito da ita. Yanzu dubi, mota har ƙofa."

Sai ya yi ta murmushi shi kaɗai, ka rantse shi ya shimfiɗa kwaltar.

Yana da tsarinsa. Ba ya sa alama a bayan idon mai gida. Sai ya yi sallama, ya gaisa, ya tambayi yara da jiki, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Kuma ba ya shan ruwan gidan da zai shafa wa fenti, wai kunya ba za ta bar shi ya sha ruwan mutum ya juya ya ɓata masa bango ba. To, ka san mutane. Da suka gano, sai kowa ya riƙa tarbarsa da kofi tun daga bakin layi. In ya karɓa ya kurɓa, a yi hamdala. Akwai ranar da ya dawo yana tafiya a hankali, cikinsa yana ƙara kamar jarkar da ba ta cika ba. Ya ce min, "Yau na kwantar wa layi guda hankali."

Umma kuwa tela ce. Da ɗinki ya yi mata yawa, ta fitar da ɗaki daga jikin katangarmu, ta sa keke biyu da madubi da benci. Ɗakin ya yi kyau, sai dai rabinsa a kan kwata yake zaune. Tun ana ginin Kawu ya ce mata, "Yaya, ɗakin nan fa ya hau kwata."

Ta ce, "Kwatar ce ta kawo maka ƙara?"

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ita ta raine shi bayan rasuwar kakarmu, ita ta goya shi, ita ta kai shi makaranta da bulala. Har ya yi furfura bai iya haɗa ido da ita ba. Kuma Umma in ta ɗauki gaba, Allah ya kyauta. Akwai ƙawarta da suka saɓa a kan almakashi, har yau in sun haɗu kowacce sama take kallo.

Da damina ta yi ƙarfi, ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga gidajen maƙwabta. Magana ta kai hawa na sama, aka yanke cewa ɗakin ya tashi. Shugabansu ya tausaya wa Kawu, ya ce a tura wani. Kawu ya ƙi. Ya san wanin, ba ya sallama, kuma alamarsa ana hango ta daga wata unguwa.

Ina goge wa wata mata riga da hantsi na ji babur ya tsaya. Ya shigo ya durƙusa ya gaida Umma, ya tambayi aiki, ya tambayi ciwon ƙafarta. Ta ɗebo ruwa a kofinta na kanta ta miƙa masa, kamar kullum.

Ya ce, "Ba na jin ƙishi, Yaya."

Umma ta tsaya da kofin a hannu. Matar da ke jiran riga ta sulale ta fita ba ko sallama. Ni kuwa na ji haushinsa ya cika ni. Na ce a raina, wannan mutum, duk ma'aikatan garin nan sai kai? Don na san Umma. In ya taɓa bangon nan, ya rasa yayarsa ke nan, mu ma mun rasa kawu.

Umma ta ajiye kofin. Sannan ta ce, "Auta, an rasa wanda za a aiko ne?"

"Ni na ce a bar ni. Ba na so wani ya tsaya miki a ƙofa ba ladabi."

"In ba ka sa ba fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Gobe ba zan iya tsayawa a ƙofar kowa ba. Za a ce na yayarsa yana nan."

Ta tashi da ƙyar, ta sa takalmi ta fita, muka bi ta. Maƙwabta sun riga sun yi cirko-cirko, kowa yana jiran ya ga yadda za a kwashe. Kawu ya buɗe bokiti, ya tsoma buroshi, fenti na zuba a takalminsa. Ya ɗaga hannu ke nan ta riƙe shi.

"Kawo nan."

Ta karɓi buroshin, ta gyara mayafi, ta ja layi ɗaya daga sama, ta ja na biyu. Alamar ta fito a karkace, fenti yana tsiyaya. Ta juya ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa ya gani ko? Ni na sa da hannuna. Kada in ji wani ya ce ƙanina ya yi min rashin kunya."

Kawu ya zauna a bakin kwatar, babba da shi, yana goge ido da hannun riga. Ni ma sai da na juya baya. Umma ta jefa buroshin cikin bokiti ta ce:

"Tashi, kana ba ni kunya. Ranar Asabar ka zo da guduma mu sauke shi da kanmu. Katafila ba za ta zo ƙofar gidana ba ina da ƙani."