Ku Bi Ganga

Jiya a motar Gwaram rediyon direba ya kamo kiɗan jaz na ƙasashen waje, sai marigayi Malam ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mana sauraron kiɗa a sakandare a Birnin Kudu, farkon samun Jigawa. Yakan kunna mana jaz a rakodarsa mai ɗaure da roba, ya ce, "Ku rufe ido. Ku ƙyale mai busa, ku bi ganga."

Ran nan na ce, "Malam, ai wannan gangar noma ce, irin ta garinmu Kiyako!" Aji ya kwashe da dariya. Malam ya mayar da kaset baya, ya sa na buga a benci. Bugun ya zauna daram.

Ya ce, "Ku baƙo kuka ji. Shi gida ya ji."

Allah Ya jiyar da Malam abin da ya fi wannan daɗi.